Tsanin mangaza ba shi da mai shi, shi ya sa yake kada 'yan dako

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin manyan mangaza na Maradi bayan kaka, lokacin da wake da aya da riɗi sunka fara shigowa daga ƙauyuka, ya san yadda ake jera buhu tun daga ƙasa har sai ya kusa taɓa kwano. A gefe guda kuma za ka ga tsani jingine, wani na katako ne da kafinta ya buga da ƙusa, wani na ƙarfe ne da mai walda ya haɗa da ragowar bututu, kuma da wuya ka samu wanda ba shi da mataki ɗaya da ya karye anka ɗaure shi da waya ko robar tayar babur. Tsanin ga yana kada mutane, daga saman jeren buhu ko daga saman tirela, wani ya tashi da targaɗe, wani da karaya, wani kuma ba zai sake tsayuwa da ƙafafunshi ba har ya koma ga Allah. In abin ya faru sai ka ji an ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarshi, a yi jaje, a kawo wani yaro ya ɗauki buhun da ya faɗi, aiki ya ci gaba da tsanin nan dai da ya kada na farko.

Ni a ganina maganar ba ta tsaya ga rashin kula na yaron da ya faɗo ba. In ka bi ta a hankali za ka tarar tsanin nan ba shi da mai shi. Alhaji mai kaya hayar mangaza ya kama, mai mangaza ya ce shi gini ya bada ba kayan aiki ba, direba ya ce shi iyakarshi ya kawo mota bakin ƙofa, shugaban 'yan dako ya ce shi mutane yake kawowa, to wa zai fidda kuɗi ya sayi tsani mai kyau, wa zai duba shi da safe ya ce wanga ya mutu a jefar da shi? Babu. Kuma ranar da anka faɗo duk asarar kan mutum guda take sauka, wanda ya fi kowa rashin abin hannu a cikinsu.

Mu fara da shi kanshi tsanin. Masana harkar tsaron ma'aikata suna da ƙa'ida mai sauƙi: in tsani zai kai tsayin mita 4, to gindinshi ya nisanci bango da mita 1, wato a jingine shi kamar digiri 75. In ya miƙe da yawa mutum na hawa sai ya kifo da baya, in ya kwanta da yawa sai gindin ya zame. Sannan kan tsanin ya wuce wurin da za a sauka da kamar mita 1 don mutum ya samu abin riƙewa lokacin da zai taka sama, don nan ne wuri mafi haɗari, lokacin da ƙafa ɗaya ke kan tsani ɗaya ke kan buhu. To yanzu ka shiga mangaza ka duba. Tunda kuɗin haya na fili ne, kowa so yake ya cika wurin, lungun da ake bari tsakanin jere da jere wani lokaci da ƙyar mutum biyu za su gitta juna, ina za ka samu wurin ja da gindin tsani? Sai a tsaida shi kusan a miƙe. Kuma ba ga bango aka jingina shi ba, ga buhu ne, buhu kuwa yana motsi, in ka taka sai ya loɓa, ɓangare ɗaya na tsanin ya nutse ɗayan ya tashi. Da can da ake aiki da buhun algarara yana da kaushi yana riƙe ɗan uwanshi, na yanzu na leda ne, santsi gare shi, sabo ma ya fi, in ba a sarƙe jeren da kyau ba buhu guda in ya zame daga tsakiya sai na kanshi su biyo shi.

Ƙasan ma fa. Daɓen siminti ne, a kanshi ƙwayar gero da riɗi da aya da ke zuba daga buhun da ƙugiya ta huda, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Ƙwayar riɗi ƙarƙashin ƙafar tsanin ƙarfe tamkar ka aza shi kan 'ya'yan boris ne, ba sai an tura shi ba. Tsanin kamfani yana zuwa da roba a ƙafa don wannan dalilin, na mai walda kuwa bakin bututu ne tsirara. Ka ƙara da takalmin mai hawa, silifas ne da ya cinye ko kuma ƙafa ba komi, ga zufa.

Amma duk wannan ƙarami ne kan babbar matsalar, wato tsani tun asali ba a yi shi don hawa da kaya ba. Dokar hawa tsani ita ce kullum gaɓoɓi uku su kasance a kanshi, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Mutumin da ke ɗauke da buhun wake mai kilo 100 a wuya ko a ka, hannu ɗaya na riƙe da kunnen buhu in ma ba biyu ba, da me zai kama tsani? A Ingila hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata ta ce aikin tsani ya zama gajere, kada ya wuce minti 30 a wuri guda, kuma kayan da za a hau da su kada su wuce kilo 10 sai in an yi nazari na musamman. Kilo 10, wato tiya huɗu kenan, mu kuma tiya arba'in muke ɗora ma yaro. A Faransa dokar ƙwadago ma cewa ta yi tsani hanyar wucewa ce, ba a maida shi wurin tsayawa a yi aiki sai in babu wata dabara. Kuma ko tsanin kamfani na Turai mai lamba, iyakar nauyin da anka yarda ya ɗauka kilo 150 ne. Ɗan dako mai kilo 65 da buhu mai kilo 100 sun riga sun wuce nan, balle na kafinta da ƙusarshi ta yi tsatsa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bada shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, mu har gobe buhun hatsi da na wake na kilo 100 ne.

Tsofaffin 'yan dako sun san wannan ba tare da sun karanta ko'ina ba. Shi ya sa in an bar su da dabararsu ba su son tsani, matakala suke yi da buhunan kansu, jeren na hawa suna barin hawa-hawa a gefe, mutum ya taka buhu ya taka buhu har sama, ko su shimfiɗa katako mai faɗi a kwance-kwance daga bakin mota zuwa jere. Wannan ya fi tsani nesa ba kusa ba, don ƙafa na samun wurin zama gaba ɗaya. Matsalarshi ɗaya, yana cin wuri kuma yana cin lokaci, kuma in an zo rufe jeren dole a cike matakalar, to buhunan ƙarshe, waɗanda sunka fi kowane nisa da ƙasa, su ne ake hawa da su ta tsani, lokacin da kowa ya riga ya gaji liƙis. Na taɓa jin wani dattijo cikinsu yana ce ma magaziniye, “Maigida, a bar jeren ga haka nan, ya yi tsawo.” Amsar da ya samu ita ce, “Baba, ragowar buhun fa, a kanka za mu aje su? Mota na jira.” Kuma shi ma magaziniyen ba mugu ba ne, an ce mishi kaya su shige yau.

Sai saman mota, wanda a ganina ya ma fi cikin mangaza muni. Tun 2005 ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, sunka yi doka mai lamba 14 kan nauyi da girman manyan motoci, tsayin mota da kayanta kada ya wuce mita 4, amma kowa ya ga irin lodin da ke bin hanyar Dan Isa zuwa Jibiya ko ta Madarunfa ko wadda ke zuwa Damagaram, wani sai ka ɗaga kai. A can sama yaron mota ke tafiya kan tamfol yana ja yana ɗaurewa, tamfol ya rufe ramukan da ke tsakanin buhu ba ya ganin inda yake takawa, sannan ya jingina da baya da duk ƙarfinshi yana jan igiya, in igiyar ta tsinke ko ƙullin ya kwance to da ƙeya zai sauka. Ɗan tsanin da ke jikin motar sau da yawa ya lanƙwashe ko mataki ya cire, na ƙarshenshi ma nesa da ƙasa, shi ya sa suke tsalle. Akwai kuma direban da zai ɗan gyara tsayuwa bai san da mutum a sama ba, ko an jingina tsani jikin bodi sai motar ta ja taku biyu. Ga wayar kuran da ke ratsa ƙofar mangaza ƙasa-ƙasa, mutum na tsaye saman lodi ko yana ɗauke da tsanin ƙarfe a miƙe, in ya taɓa ta ko wutar ba ta kashe shi ba za ta jefo shi.

Mutane na raina mita 3 saboda ba bene ba ne. Lissafin kuwa ga shi: daga mita 3 kafin sakan guda ya cika ka iso ƙasa, kuma da gudun kusan kilomita 28 a awa za ka iso, daga mita 4 ya wuce kilomita 30. Babu lokacin da za ka gyara faɗuwa, kuma siminti ba ya loɓawa, in buhun ya biyo ka shi ma da gudunshi zai sauka a kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa iri-iri, ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya cikin mace-macen da ba da gangan ba, kuma sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali ne. A Amurka, inda ake rubuta kowane rauni, a 2020 kaɗai ma'aikata 161 sunka mutu ta dalilin tsani, wasu 22,710 sunka ji raunin da ya hana su zuwa aiki, kuma can fa akwai hular kwano da takalmin aiki da injin ɗaga kaya da sufeto mai cin tara. Namu ɗan dakon in ya faɗo ba ya shiga littafin kowa, a asibiti za a rubuta karaya, a unguwa a ce ya faɗi wurin nema.

Yanzu ga abin da ke tura mutum ya hau tsanin da ya san ba shi da kyau. Ana biyan 'yan dako ne bisa buhu ko bisa tan ko a yi jinga kan mota gaba ɗaya su raba. Tirela mai tan 30 na shinkafa buhu 600 ne na kilo 50, in mutum goma ne kowa zai yi sawu 60 da kaya, ya dawo 60 ba kaya. Duk minti ɗaya da anka ɓata wajen share ƙasa ko ɗaure kan tsani ko tsaida mutum guda ya riƙe gindinshi, daga aljihun ƙungiyar ya fita, don wanda ke riƙe da tsani ba ya ɗaukar buhu amma za a raba da shi. Kenan tsarin biyan da kanshi yana hukunta mai taka-tsantsan, yana saka ma mai gaggawa. Kuma in ka ce ba ka hawa, akwai samari goma zaune a inuwar bango da sunka zo cin rani daga ƙauye, ba su san aikin ba amma za su hau. Sabon shiga shi ne ya fi faɗuwa, bai iya aza buhu a wuya ba, bai san wane mataki ne ke rawa ba, kuma kunya ba ta barinshi ya ce ya gaji.

Direba ma na da tashi gaggawar, kowane kwana da mota ta yi tsaye asara ce gare shi da mai motar. Sannan shekarun nan kaya ba su zuwa a tsanake. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta sai a Maris 2024 anka buɗe, hanyar Kwatano ta tsaya kaya sunka koma biyowa ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Abin da wannan ke nufi ga ɗan dako shi ne a yi kwanaki ana zaman jira babu ko dala, rana guda kuma motoci su iso a tare kowa na son a sauke mishi yau, sai a kai dare ana aiki da hasken tocilan waya ko ƙwan fitila guda da ke rataye can bakin ƙofa, cikin mangaza kuwa duhu, mutum ya fito daga hasken rana ya shiga ciki idonshi bai gama washewa ba ya riga ya aza ƙafa kan tsani.

Ka haɗa da zafi. Watan Afrilu da Mayu a Maradi zafi na wuce digiri 40 a inuwa, saman jere kuwa dab da kwano ne, iska ba ta shiga, in azumi ya faɗo cikin irin lokacin sai jiri ya ɗebi mutum yana tsakiyar tsani. In an sa ma wake ƙwayar maganin ƙwari an rufe da tamfol, wanda ya hau ya buɗe shi ke fara shaƙar iskar, ita ma tana kawo ciwon kai da jiri. Sai maganar da ba a so a yi, tramol. Ba duka ke sha ba, kuma wanda ke sha ba don jin daɗi ya fara ba, don ya daina jin ciwon baya ne ya iya ƙarasa motar. Amma ƙwayar da ta kashe maka ciwo ta kuma rage maka hankalin taka mataki, in an sha da yawa ma tana kawo farfaɗiya, ka yi tunanin wannan a saman tirela.

Abin da ke biyo bayan faɗuwa wani lokaci ya fi faɗuwar ɓarna. Nan take 'yan uwa za su rugo cikin tausayi, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa a ɗaga shi kamar buhu, a zaunar da shi, a ɗura mishi ruwa, a aza shi kan kabu-kabu mutum guda ya riƙe shi ta baya a bi ramuka da shi. In ƙashin baya ko na wuya ya tsage amma lakar ba ta taɓu ba, wannan ɗaukar ce za ta ƙarasa ta, mutumin da zai iya warkewa ya koma na kwance. Abin da ya dace shi ne a bar shi yadda yake, mutum guda ya riƙe kanshi kada ya juya, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, in dole sai an ɗauke shi to a mirgina shi gaba ɗaya kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da wuya da baya a layi guda, a sa shi a mota a kwance. Kada a ba shi ruwa ko abinci don ana iya buƙatar yi mishi aiki.

Wanda ya sauka da ƙafa yakan fasa ƙashin dunduniya, kuma likitocin ƙashi sun san irin wannan na zuwa tare da karayar ƙashin baya ta wajen ƙugu, don haka ko ƙafa kaɗai yake kuka da ita a duba bayan. Wanda ya tare da hannu wuyan hannu ke karyewa. Na kai shi ne mai yaudara, mutum ya suma ɗan lokaci ya farfaɗo ya ce lafiya lau, har ya karɓi rabonshi ya tafi gida, alhali jini na taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, bayan wasu awoyi sai amai, sai barcin da ba a iya tada shi. Duk wanda ya bugu a kai ya suma ko da na minti ɗaya ne, ko yana amai, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, wurinshi babban asibiti ne a ranar, Maradi na da na jiha da na referans. Maganar maɗori kuwa, ni ba na cikin masu zaginsu, mutane na zuwa wurinsu ne don suna kusa, suna da sauƙi, ana biyansu a hankali, kuma ba a miƙo maka ordonas tun kafin a taɓa ka. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta cikin gaɓa, ko ta baya, ba tasu ba ce. Kuma ɗaurin da anka tamke da kara da tsumma a kan hannun da ke kumbura yana iya tsaida jini, in yatsu sunka yi sanyi ko sunka fara baƙi ko ciwon na ƙaruwa maimakon raguwa a kwance shi nan take a nufi asibiti, da yawa daga hannuwan da ake yankewa ta nan sunka bi. A fara yin radiyo a san irin karayar tukuna.

To wa ke biya? A takarda Nijar ba ta rasa doka ba. Akwai kundin ƙwadago na 25 ga Satumban 2012, ya ɗora ma mai ba da aiki nauyin kare lafiyar wanda ke mishi aiki, har ya ce inda ma'aikata sunka kai 10 a kafa kwamitin tsaro da lafiya. Ƙasar ta sa hannu kan yarjejeniyoyin duniya masu lamba 155 da 187 kan wannan batun tun 2009. CNSS, wato asusun ƙasa na kula da ma'aikata, na da reshen haɗarin aiki, mai ba da aiki ne kaɗai ke zuba kuɗinshi, kashi 1.75 cikin 100 na albashi, kuma in haɗari ya faru ya sanar cikin awa 48, sai asusun ya ɗauki kuɗin magani, ya riƙa ba mutum wani abu daga albashinshi lokacin jinya, in ya nakasa a yanka mishi fansho, in ya rasu iyalinshi su samu. Ka lissafa kan mafi ƙarancin albashi na jika 42 da anka tsaida daga farkon 2024, abin bai kai jika ɗaya a wata ba. Kenan ba tsada ce ta hana ba. Abin da ya hana shi ne ɗan dako yau yana ma Alhaji wane aiki da safe, da la'asar yana ma wani, ba shi da lamba, ba shi da takarda, wani ko ta haihuwa ba shi da ita, kuma ba a taɓa zama an ce ga wanda za a kira mai ba shi aiki ba.

Abin da ya maye gurbin doka shi ne alheri. Kuma gaskiya a faɗe ta, alhazan Maradi da yawa na yi, za a kai yaro asibiti a biya radiyo da ordonas na farko, a aika ma iyali buhun hatsi, wani har ya riƙa aikawa da na cefane. Sai dai alheri na da iyaka kuma ba a bin bashinshi. Karayar cinya wata uku ce ko fiye kafin mutum ya taka da kyau, ya ɗauki buhu kuwa sai abin da Allah ya yi, mai alheri zai yi sati biyu ko wata guda hankalinshi ya koma kan kasuwa, daga nan sai matar ta fara saida akuya, sai a jinginar da gona, sai a cire yaro daga lakol ya je tura baro. Shi kuma mai raunin ba ya iya buɗe baki ya nemi ƙari, don za a ce ba shi da godiya bayan duk abin da Alhaji ya yi, kuma gobe in ya warke ƙofar nan dai zai koma neman aiki. “Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya ƙara arziki,” iyakar abin da zai ce kenan ko da ƙafar ta gajarce.

Wasu za su ce a kawo injin ɗaga kaya kowa ya huta. Ni ban cika zumuɗin wannan ba. Inji na son palet, wato dandamalin katako da ake jera kaya a kai, da daɓe mai kyau da faɗin lungu da makanike da kayan gyara, kuma inji guda zai zaunar da mutum ashirin da ke ci daga dako, cikin garin da samari ke kwararowa kowace rani. Zai zo dai ko mun so ko ba mu so ba, musamman in layin dogo na Kano zuwa Maradi mai kilomita 284 da anka ƙaddamar da aikin ginashi a Fabrairun 2021 ya iso, kaya za su ƙaru kuma za su zo cikin kwantena. Amma kafin nan akwai abubuwan da kuɗinsu bai kai na buhun wake biyu ba. Masu waldar garin ga da ke ƙera ƙofofi da gadaje da amalanke za su iya ƙera matakala mai faɗin taki da abin riƙewa a gefe da ɗan dandali a sama, mai taya biyu a baya don a tura ta, ba wani sihiri a ciki. A shafa fenti a bango a ce jere ba ya wuce nan. A rataye tsintsiya kusa da ƙofa. Direba ya kashe mota ya miƙa makulli ga shugaban 'yan dako, a sa waigi a taya, har sai mutum na ƙarshe ya sauko. Buhun kilo 100 kuma in za a hau da shi sama a miƙa shi hannu da hannu mutum biyu ko uku, ko a koma na kilo 50 kamar yadda shinkafa da siminti da taki ke zuwa.

Duk waɗannan na rage sauri, kuma muddin kuɗin buhu bai canza ba 'yan dakon da kansu ne za su fara ture matakalar gefe su ɗauko tsohon tsani. Shi ya sa nake ganin gyaran daga wajen ciniki zai fara. 'Yan dako na da shugabanni a kowace tasha da kowace kasuwa, su ke yanka farashin sauke mota, kuma da ma suna da al'adar karo-karo in wani ya yi haihuwa ko rashi. In anka ƙara ko dala ɗaya ce kan kowane buhu, mai kaya ya biya, tirela mai buhu 600 ta bada jika uku kenan, a raba biyu, rabi na sayen matakala da gyaranta rabi na jinya, kuma ƙungiyar ce ke da kayan, ita ke duba su, ita ke da ikon cewa ba a hawa wanga. Ƙungiya mai rajista kuma ita ce za ta iya zama da CNSS da sufeton ƙwadago da 'yan kasuwa a nemo yadda za a sa mutanenta cikin asusun haɗarin aiki ko da iyayen gidansu na canzawa kullum. Inda abin zai yi wuya shi ne riƙon kuɗin, don an sha ganin asusun ƙungiya ya narke a hannun mutum biyu, sai dai a aje shi a banki ko a asusun waya da sa hannun mutum uku, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita gaban kowa duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.